Gonar da Na Tattake a Jambiyani

A gabashin tsibirin Unguja na Zanzibar, teku ba ta zama wuri ɗaya. Takan janye ta yi nisa har kwale-kwalen masunta su kwanta a kan yashi, bayan kamar awa shida kuma ta dawo ta shafe komai. A wannan gaɓar ƙauyen Jambiyani yake, kudu da Paje inda baƙi ke tururuwa don wasan da iska ke jan su a kan ruwa da wata ƙatuwar lema.

Hutu ya kai ni. Da hantsi na ga ruwa ya janye, sai na naɗe wando na nausa, waya a hannu, ina ta ɗaukar hoto. Can ciki na iske wasu turaku a jere, an ɗaura igiyoyi tsakaninsu, wata ciyawa ja-ja ta maƙale a jiki. Na ɗauka tarkacen da teku ta kwaso ne. Zagayewa ya yi mini nisa, na ratsa ta tsakiya. Igiya ta harɗe ƙafata, na fizge, turaku biyu suka tuge, ciyawa ta watse a ruwa. Ko a jikina.

Wata dattijuwa da ke zaune cikin ruwa, jiƙe sharkaf, da buhu a gefenta, ta taso tana magana da Suwahili. Ban ji ko kalma ba, amma fuskarta ta ishe ni. Wani saurayi ya yi mana tafinta: gonarta ce na shiga.

Tun 1989 ake noman ciyawar teku don sayarwa a Paje da Jambiyani, da irin da aka kawo daga Filifin, kuma akasari mata ne ke yi. Sukan ɗaura yanka-yankan ciyawar a igiya ɗaya bayan ɗaya, su jira kusan mako shida, su girbe, su shanya, su sayar wa dillalai a farashin da bai taka kara ya karya ba. A ƙasashen waje ake tace wani sinadari daga cikinta mai sa kauri a man goge haƙori da kayan abinci. Aikin sai ruwa ya janye ake yinsa, ga rana, ga gishiri na cin fata. Ni kuwa da na san tashin hankalin da ake yi a garinmu idan saniya ta faɗa gonar gero, ni ne na yi aikin saniyar.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. Kafin in ce a yi haƙuri, na zaro kuɗi. Ta dube su, ta dube ni, ta ce wa saurayin, "Gaya masa ya fara yin sallama." Kunya ta rufe ni. Na yi sallama, na ce, "Mama, ki yafe mini," na durƙusa ina tsinto mata abin da ya watse, ita kuma tana sake ɗaurawa. Rabin ciyawar ya riga ya tafi. Sai da muka gama ta karɓi abin da na ba ta, ba tare da ta ƙirga ba.

Mai niyyar zuwa, ka tambayi masu masauki lokacin da ruwa ke dawowa, ka sa takalmin roba saboda ƙayoyin da ke ƙasan ruwa. In ka hangi turaku da igiya, ka zagaya, kuma ka nemi izinin matan kafin ka ɗaga musu waya.