TUNUGA, ƘOFAR DA DAMANA KE SHIGOWA NIJAR

Wanda ya tashi daga Gaya ya nufi gabas maso kudu, ba da jimawa ba zai shiga ƙasar Tunuga. Tana cikin gundumar Gaya, jihar Doso. Nan ne ƙarshen Nijar ta wajen kudu. Kogin Isa, wanda Hausawa ke kira Kwara, shi ya raba ta da ƙasar Benin. Gabas da ita kuma Najeriya ce. Wajen garin Dole ne iyakokin ƙasashen uku suka haɗu.

Ƙasa ce mai albarka. Akwai giginya da yawa. Ana noman hatsi, da dawa, da masara, da rogo. Cikin fadama ana noman shinkafa da rake. Akwai masunta a bakin kogi, akwai Fulani da shanunsu, akwai masu dafa gishiri. Dandawa, da Kyangawa, da Hausawa, da Zabarmawa duk suna zaune tare.

Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. A shekara ana samun kimanin milimita 800. Yamai ba ta cika samun 600 ba. A Bilma kuwa ko 20 ba a samu. Milimita 1 shi ne lita 1 ta ruwa bisa fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Mi ya sa Tunuga ta samu wannan rabo? Amsar tana ga abu biyu: zafin rana da tafiyar iska.

ZAFI SHI KE TADA ISKA

Kowa ya ga hayaƙi na tashi sama daga murhu. Iska in ta yi zafi, nauyinta na raguwa, sai ta hau sama. Wurin da ta bari ba ya zama fanko. Wata iska mai sanyi, mai nauyi, na zuwa daga gefe ta cike shi. Shi ya sa in gobara ta kama daji, iska ke tasowa ta nufi wutar.

Haka abin yake ga ƙasa baki ɗaya. Rana na gasa ƙasa, ƙasa na ɗumama iskar da ke kanta. Amma ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi. Da tsakar rana yashin bakin kogi na ƙona ƙafa, ruwan kogin kuwa da sanyinsa. Saboda haka hamada ta fi teku zafi nesa ba kusa ba a lokacin bazara. Wannan bambanci shi ke jan iska daga wuri zuwa wuri.

Iska biyu ke mulkin Tunuga. Ɗaya busasshiya ce, daga hamada take fitowa, ta arewa maso gabas. Ɗaya mai laima ce, daga teku take fitowa, ta kudu maso yamma. Kowace da lokacinta.

LOKACIN ISKAR HAMADA

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, rana na karkata kudu. Hamada na hucewa, iskarta ta yi nauyi, ta kwararo kudu. Wannan shi ne hunturu. Tana zuwa da ƙura mai laushi kamar gari. Mafi yawan ƙurar daga Bodele take tasowa, wani busasshen gurbin tafki a arewacin Cadi. Hazo na rufe kogi har mai kwalekwale ba ya hangen hayin Benin. Leɓe na tsagewa, yara na tari. Da dare zafin ƙasa na tserewa sama, don babu girgijen da zai rufe shi kamar bargo. Shi ya sa ake jin ɗari da asuba.

A wannan lokaci akwai abin mamaki a Tunuga. Ko ɗigon ruwa ba ya sauka, amma kogi na cike. Ruwan nan a duwatsun ƙasar Gini ya sauka tun da damana. Ya biyo ta Mali, ya tsaya cikin manyan fadamunta, sa'an nan ya iso bayan watanni. Ana ce masa baƙin ruwa, don ya zubar da lakarsa a hanya. Da shi ake noman rani. Jan ruwa kuwa shi ne na Agusta da Satumba, wanda ke zuwa da jar laka daga ƙoramun kusa.

Iskar hamada na da wani amfani. A nan ne kwarin Dallol Mawri ke gangarawa kogi, bayan ya haɗu da Dallol Foga. Ƙarƙashin kwarin Foga akwai ruwa mai gishiri. Zafi da busasshiyar iska na jawo shi sama. Ruwan ya tafi cikin iska, gishirin ya tsaya fari bisa ƙasa. Mata na kankare ƙasar, su tace ta da ruwa, su dafa har gishiri ya fito. Sana'a ce tsohuwa. Wani Bajamushe matafiyi, Barth, ya ratsa kwarin Foga a 1853, ya iske ana yin ta. Da ruwan sama ya sauka, aikin gishiri ya tsaya sai wani rani.

LOKACIN ISKAR TEKU

Cikin Maris da Afrilu rana na dawowa bisa kai. Zafi na kaiwa awo 40, wani lokaci ya wuce. Da azahar guguwa na murɗawa cikin gonaki, alamar iska mai zafi ce ke hawa sama. Hamada ta zama kamar tanderu. Iskarta na tashi, sai iskar teku ta taso don cike gurbin.

Daga Tunuga zuwa bakin teku, wajen Kwatano, kimanin kilomita 600 ne. Iskar na ratso ƙasar Benin da laimar da rana ta kwaso daga teku. Da yake Tunuga ce ƙarshen kudu, yankinta iskar ke fara takawa a Nijar. Tana isowa cikin Afrilu ko Mayu. Ba ta kai arewa mai nisa sai Yuli ko Agusta. In ta juya gida kuma, nan take bari daga ƙarshe, cikin Oktoba. Ga dalilin da ya sa damanar Tunuga ta fi ta arewa tsawo.

Tsofaffi na gane zuwanta. Iska na juyawa, ta fara busowa daga hayin kogi. Hazo na washewa. Gumi ba ya bushewa a jiki. Itatuwa na yin toho tun ruwa bai sauka ba.

Yaya laima ke zama ruwa? In an rufe tukunya mai tafasa, tururi na taɓa murfi, ya huce, ya koma ɗigon ruwa. Sama ma haka take. Duk hawan kilomita 1, zafi na raguwa da kimanin awo 6. Iska mai laima in ta hau, sai ta huce, ta zama girgije. Girgijen hadari na iya wuce kilomita 10 a tsawo.

HADARI DAGA GABAS

Akwai tambayar da yara ke yi. In laima daga kudu maso yamma take zuwa, don mi hadari ke haɗowa daga gabas, ta wajen Najeriya? Dalili shi ne iska hawa-hawa take. Ta ƙasa ita ce ta teku. Can bisa kuwa akwai wata mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma. Ta ƙasa na kawo ruwa, ta bisa na tura girgije.

Kafin ruwa ya sauka, iska mai sanyi na faɗowa daga cikin girgije, ta rugo gaba da ƙura. Ita ke yaye rufin ɗaki, ita ke kifar da kwalekwale. Masunci in ya ga gabas ta yi baƙi, ya nemi gaɓa. Makiyayi kada ya fake da shanu gindin giginya, don tsawa ta fi faɗa wa dogon itace.

RUWAN FARKO BA DAMANA BA NE

Zama a bakin ƙofa na da hatsarinsa. Da farko iskar teku ba ta da ƙarfi. Takan shigo, iskar hamada ta kore ta, ta sake dawowa. Sai a yi ruwa ɗaya cikin Afrilu, a yi mako biyu ko uku babu wani. Wanda ya zuba irinsa duka a ruwan nan, hatsi zai tsiro, rana ta ƙone shi. Ya yi asarar iri, ya yi asarar ƙarfi.

Malaman gona na ba da shawara. Daga shigowar Mayu, a jira ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana 3. A tona ƙasa a ga ko laima ta nutsa. A duba ko iska ta tsaya ta kudu maso yamma. A ajiye wani iri don maimai. A saurari rediyo, don ma'aikatar hasashen yanayi na ba da labarin damana. Cibiyar Agirimet da aka kafa a Yamai a 1974, bayan babban farin 1973, aikinta ke nan.

Makiyaya ma abin ya shafe su. Shanun da suka yi rani a kudu na bin sabuwar ciyawa zuwa arewa. Lokacin ne manomi ke shuka. In an bar burtali a buɗe, an bi shi da dabbobi, ba a yin faɗa.

Iskar teku ba ta zuwa da ƙarfi ɗaya kowace shekara. A 1973 da 1984 ta yi rauni, aka yi fari, dabbobi suka mutu. A 2012, da 2020, da 2024 kuwa ruwa ya yi yawa, ambaliya ta ci gidaje da gonaki a Nijar. Masana sun lura manyan hadura sun ƙaru tun daga shekarun 1980, don duniya na ƙara zafi, kuma iska mai zafi ta fi ɗaukar laima. Saboda haka a gina gida da rumbu bisa tudu, a gyara madatsun gonakin shinkafa tun da rani. Rigakafi ya fi magani.

Ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so. Amma Ya ba shi alamu, Ya ba mutum hankali. Mutanen arewa in suka ji an yi shuka a Tunuga, to, su gyara kalme da hauya, damana na bisa hanya. Allah Ya ba da damana mai albarka, amin.