Safa a Bazarar Khartum

Takardar farko da aka miƙa mini a ɗakin kwanan ɗalibai, tun ban sauke akwati ba, ita ce ta dokar sutura. Shafi ɗaya ce da Larabci. Larabcina a lokacin na Islamiyya ne, ina iya karantawa amma ba ya zama a bakina, saboda haka wata 'yar Damagaram da ta riga ni zuwa da shekara biyu ta zauna a bakin gado tana fassara mini. Abaya mai yalwa, hijabi ya sauko ya rufe ƙirji, ban da turare mai tashi, ban da kwalliya. Duk wannan bai ɗaga mini hankali ba, da shi na tashi a gidanmu a Katsina. Sai ta zo layin ƙarshe: safa dole, takalmi rufaffe, ba a shiga da silifas. Ta ɗago kai ta dubi ƙafata ta ce, "Yanzu Disamba ne, ba za ki gane ba. Bari dai Mayu ya kama."

Ƙarshen 2014 ke nan, na je karatun haɗa magunguna a wata jami'ar Musulunci a Khartum.

Na ɗauka duk wanda ya yi bazarar Katsina ya gama sanin zafi. Amma bazararmu tana da fata a cikinta: kana gumi kana duban gabas, ka san hadari na tafe. A Khartum ruwa ba ya kankama sai wajen Yuli da Agusta, shi ma ba yawa. Mayu da Yuni kuwa ma'aunin zafi kullum sama da 40 yake, iskar da ke bugun fuska kamar an buɗe tanderun gurasa. In ka ga sama ta yi duhu ka fara murna, sau da yawa ba ruwa ba ne, habub ne, katangar jar ƙura da ke tasowa ta rufe gari, ta bar maka yashi har cikin haƙora. Kogi biyu ne suka haɗu a birnin, Farin Nilu da Shuɗin Nilu, a wurin da suke kira Mugran, amma sanyinsu ba ya isowa hanyar da muke bi daga ɗakin kwana zuwa aji.

A wannan hanya na san abin da safa ke yi wa ƙafa. Kuɗin da ake aiko mana bai kai na takalmin fata ba, sai mu tafi kasuwar Suk al-Arabi mu sayi baƙin takalmin roba da safar leda mai santsi, irin wadda ake sayarwa uku a ƙulli. Baƙar roba tana shan rana, kwalta tana turo nata zafin daga ƙasa, ƙafa tana tsakiya tana dahuwa. Ga kuma alwala. Mu 'yan Malikiyya ne, kamar yawancin mutanen Sudan, kuma abin da aka karantar da mu shi ne ba a shafa sai a kan huffi na fata. Wasu ƙawayenmu da suka bi fatawar Hambaliyya suna shafa a kan safa mai kauri su wuce. Ni zuciyata ba ta natsu da haka ba. Azahar in tuɓe in wanke, la'asar in tuɓe in wanke, kuma ba lokacin tsayawa ƙafa ta bushe, malami yana shiga aji. Haka nake mayar da jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin leda in rufe da roba.

Shekarar farko na daure. A ta biyu tsakanin yatsuna ya yi fari ya jiƙe, ya fara tsagewa, ga ƙaiƙayi da ba ya bari in yi barci. Ni da ke karanta sunayen magungunan wannan ciwo a littafi na san maganinsa na farko ba a kwalba yake ba: ƙafa ta sha iska ta bushe. Abin da dokar ta hana ke nan.

Ban taɓa jin haushin rufe ƙafa ba, har yau kuma ina rufewa. A ɗakin gwaje-gwaje ma ko ba dokar addini ni da kaina zan nemi rufaffen takalmi, wurin da kwalba ke fashewa, ruwan guba ke ɗiga. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Maza an hana su silifas ɗin wanka, wanda mutanen Sudan ke kira safinja, amma takalmin fata buɗaɗɗe suna shiga da shi ko'ina. Na san ƙafar namiji ba al'aura ba ce, ban yi jayayya da wannan ba. Sai dai waɗanda suka zauna suka rubuta mana layin nan na ƙarshe ba su taɓa yin wunin Mayu cikin safar leda ba, kuma ba su tambayi wadda ta yi ba.

Wata safiya a Mayun 2016, muna da gwaji ƙarfe tara, na tashi ƙafar dama ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Na ɗauki abayata mafi tsawo, wadda ke jan ƙasa, na zura silifas ba safa, na ce in na taka a hankali ba mai gani. A ƙofa akwai mata masu duba sutura, mushrifa ake ce musu. Iska ce ta tona ni, ta ɗaga bakin abayar. Matar ta ɗaga hannu ta ce mamnu', wato an hana. Na nuna mata ƙafar. Ta duba, na ga fuskarta ta canza, ta kira ni "ya bitti", 'yata ke nan, ta ce ita ma umarni aka ba ta, in ta bar ni ta kanta za a sauke. Sai a sannan na lura da tata ƙafar. Baƙar safa ce da baƙin takalmi, kuma tun sassafe take tsaye a wurin da ba inuwa sai ta kwano.

Saura minti ashirin. Komawa ɗaki da dawowa ya fi haka. Na koma gefen katanga, hawaye ya zo, na ce da ƙarfi ba tare da na sani ba, "Wayyo Allah, yau na shiga uku."

"Ba ki shiga uku ba, ɗiyata. Zo nan."

Da Hausa aka faɗa. Wata tsohuwa ce a gindin bishiyar darbejiya, ta yafa tob irin na matan Sudan, gabanta tire na soyayyar gyada da ƙwayar kankana, gefe kuma 'yan safa a jere. Shekara ɗaya da rabi ina wuce ta, ban taɓa zaton Bahaushiya ce ba. Hausarta mai nauyi ce, tsohuwa, Larabci yana faɗowa cikinta nan da can, amma Hausa ce tsantsa. Ta kama ƙafata da hannunta ta juya ta, ba ƙyama. Ta tura safar leda gefe, ta zaro wata farar safar auduga ta maza daga ƙasan tire, mai faɗi, ta ce in sa ta da silifas ɗin haka nan. Sannan ta tashi ta je wurin mushrifa da kanta. Ban ji duk abin da suka ce ba. Na dai ga matar ta dubi safar, ta dubi silifas, ta kawar da kai gefe. Na shiga.

Da na fito na kawo mata kuɗi ta ƙi karɓa. Na durƙusa na ce, "Inna, daga ina kike?" Ta yi dariya ta ce a nan aka haife ta, a nan aka haifi uwarta. Kakarta ce ta taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, a ƙafa. A tafi a tsaya a yi noma a wani gari shekara guda, a tara guzuri, a ƙara gaba. Suka yada zango a Mai Wurno, garin da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya zauna da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga nan zama ya kama su. Ta ce kakar tata takalmi ɗaya gare ta, kuma a ka take ɗaukarsa cikin kaya, ba ta sa shi sai za a shiga gari, don kada ya ƙare kafin Makka. Zaninta ne ke rufe mata ƙafa. Ta ce, "Kuma ba wanda ya taɓa ce mata ba ta da kunya."

Daga ranar na zama 'yar gida a gindin darbejiyar. Ita ta gaya mini agashen da ake gasawa a titunan Khartum da ƙulin gyada da yaji tsiren mutanenmu ne da ya yi ƙaura tare da su. Ita ta kwaɓa mini lalle ta ce in riƙa cusawa tsakanin yatsu da dare, yana sanyaya ƙafa yana busar da ita. Amma ta ja mini kunne kada in bari ya hau saman ƙafa ko ya zagaye tafin, don a Sudan ƙunshin ƙafa na matan aure ne, ba kamar gida ba da ko 'yan mata ke yi da Sallah. Na haɗa lallenta da man shafawar da na sani daga aji, cikin sati uku tsagar ta rufe.

Wata Asabar ta rufe tirenta ta kai ni kasuwar Omdurman, layin dukawa. A nan na ga markub, takalmin fata na mutanen Sudan, wanda na Fashir da na Jinaina suka yi suna. Na ga kuma takalmin tayar mota da suke kira tamut takhalli, wato ka mutu ka bar shi, na tuna da namu na manoma. Ta yi magana da wani baduku, ya aza ƙafata a kan kwali ya zana. Bayan kwana biyar na karɓi sau-ciki na fatar akuya, launin ƙasa, mara nauyi, ya huda ƙananan ramuka a gefe da gefe inda abaya ke rufewa. Rufaffe ne a idon mai duba, amma iska na ratsa shi. Kuɗinsa ya ci rabin abin da nake kashewa a wata. Wannan ya ƙara nuna mini cewa dokar ba nauyi ɗaya take da shi a kan kowa ba: mai hali tana sayen fata da auduga tun ranar farko, marar hali ita ke dahuwa a roba.

Da ƙafa ta warke, bakina ya buɗe. Muna da darasin fiƙihu na dole ga kowane ɗalibi, sai na tambayi malamin bayan aji. Na ce a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda na karanta a zauren malaminmu a Katsina, abin da aka ambata ga mace a salla riga ce mai kauri da tsawo wadda ke rufe bayan ƙafa. A hadisin Ummu Salama ma maganar sakin bakin tufa aka yi, taƙi ɗaya, in bai isa ba kamu ɗaya. Hanafiyya kuma ba su ɗauki ƙafar mace al'aura ba. To daga ina rufaffen takalmi ya zama sharaɗi? Dattijo ne mai haƙuri. Ya ce rufewa ita ce abin nema, safa da takalmi tsari ne na makaranta, don sun fi sauƙin dubawa a ƙofa fiye da auna tsawon riga. Ya ƙara da wata magana da ban manta ba. Ya ce in tuna abin da ke bayan katanga. A lokacin sashe na 152 na dokar laifuka ta 1991 yana aiki, wanda ke ba da damar yi wa mutum bulala har 40 kan suturar da aka ga ba ta dace ba, kuma ba wanda ya manta shari'ar 'yar jarida Lubna Hussein da aka kama a 2009 saboda wando. Ya ce makaranta tana tsananta mana a ciki ne don kada a taɓa mu a waje, mu da iyayenmu ke nesa. Na yarda akwai gaskiya a ciki. Na kuma ce masa tsoron abin da ke waje bai kamata ya ruɓar mana da ƙafa ba. Ya yi shiru, ya ce mu rubuta.

Muka rubuta, mu 'yan Najeriya da Nijar da Chadi da wasu 'yan Somaliya, muka roƙi a bar buɗaɗɗen takalmi da safa mai kauri a watannin zafi, ban da ɗakin gwaje-gwaje. Ba a canza takardar ba har na gama. Amma daga bazarar da ta biyo baya masu duba ƙofa suka daina tsayar da mai safar auduga da takalmi mai maɗauri, kuma mushrifar nan da ta tare ni, na gan ta wata rana da farar safa da buɗaɗɗen takalmi. Muka haɗa ido, ta ce, "Ya bitti, yaya ƙafa?"

Na dawo gida a 2019, shekarar da aka sauke al-Bashir a watan Afrilu, aka kuma soke dokar tsaron ɗa'a a ƙarshen Nuwamba. Ranar da zan taho Inna ta ƙulla mini gyada da garin lalle a leda, ta ce in na je Haɗeja in ɗebo mata ƙasa ko cikin cokali. Na karɓi lambar wayar jikanta.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Na zauna gaban talabijin ina kallon ƙannenmu ɗalibai da aka kwasa a motoci zuwa iyakar Masar, suna kwana a fili cikin hamada kwana da kwanaki kafin jirgi ya fara sauke su Abuja a farkon Mayu. Idona ƙafafunsu yake bi. Da yawa silifas ne, abin da suka fito da shi ke nan. Su suna da ƙasar da za ta aiko musu mota. Inna kuwa Khartum ce garinsu.

Na kira lambar jikan sau ba adadi, ba ta shiga. Bara aiki ya kai ni Haɗeja, na tsaya bakin kogi na ɗebi ƙasa a kwalbar magani. Tana cikin akwati tare da takalmin fatar akuya, wanda dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya. Jiya ma na sake gwada lambar.