Ruwa ya hana wasa, amma kowa ya zo

Takarda mafi daɗewa da ta ambaci wasan kurket a Ingila takardar shari'a ce, kuma shari'ar fili. A shekarar 1598 aka yi jayayya kan wani yankin ƙasa a garin Guildford, sai wani dattijo mai shekara 59, John Derrick, ya ba da shaida cewa shi da abokansa sun yi wannan wasa a wurin tun suna ƴan makaranta, wajen shekara 50 kafin nan. Ke nan abin da aka fara rubutawa a kan kurket bai wuce ƴan makaranta da filin da manya ke rigima a kansa ba. Malamin lakwal a ƙasarmu ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

Mu a Nijar ba mu san kurket ba, Faransa balo ta bar mana. Ni ma sai da aka tura ni kudancin Ingila ƙaro ilimin koyar da Ingilishi na gan shi. Watan Mayu ne, lokacin da Maraɗi ke cikin zafin bazara kowa na duban gabas, su kuwa can sun fito daga sanyi, ciyawa ta yi shar, ruwan sama ya ishe su. Maigidan da aka sauke ni wurinsa, wani tsoho mai ritaya, shi ke kula da filin wasan ƙauyensu.

Wasan ga yadda yake a taƙaice. Kowane ɓangare mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani siririn wuri mai tsawon kusan mita 20, an kafa turaku uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa ya sheƙo da gudu ya jefa ƙwallon fata mai tauri, nauyinsa wajen giram 160, ya daki ƙasa ya tashi, mai riƙe da faffaɗar sanda ya kare turakun, ya buga, ya yi gudu ya ci maki. Bayan jifa shida a canza mai jifa. Tun da ƙwallon sai ya taɓa ƙasa, ƙasar ita ce rabin wasan. In ta jiƙe mai jifa zai zame, fatar ƙwallo ta sha ruwa, abin ya zama haɗari. Shi ya sa ƴan balo ke wasa cikin ruwa, ƴan kurket kuwa su tsaya. Manyan wasanni har lissafi suke da shi na raba gardama in ruwa ya katse su, wanda masana ƙididdiga biyu, Duckworth da Lewis, suka tsara. A ƙauye lissafin bai wuce a leƙa waje a dubi sama ba.

Ranar Asabar ruwa ya fara tun da safe. Ba irin namu ba mai zuwa da iska da tsawa ya wuce, yayyafi ne marar ƙarfi marar ƙarewa. Duk da haka ƙarfe ɗaya kowa ya hallara, har baƙin da suka yi tafiyar rabin awa a mota. Aka turo murafe masu taya aka rufe tsakiyar fili, aka shiga ɗan ɗakin katako aka zauna. Akwai mai gyaran famfo, akwai likitan dabbobi, akwai manomi, akwai ƴan kolej uku. Duk bayan ɗan lokaci shugabannin ɓangarorin biyu su fita su danna ƙasa da yatsa su dawo suna kaɗa kai. Ƙarfe huɗu aka sha shayi da burodi da kek ɗin da iyalai suka kawo, aka fasa wasa.

Awa ukun nan na zama sun fi tsaya mini a rai bisa wasan da na gani daga baya. Ba wanda aka biya ko dala. Maigidana ya kwashe kwanaki yana yanke ciyawa yana bin ta da abin daddale ƙasa, ya shafa farin layi, ruwa ya wanke, bai ce uffan ba. Yaran kuma ba a kore su gefe ba. Wani ɗan shekara 13 yana zaune kusa da wata dattijuwa mai riƙe da littafin maki tana nuna masa yadda ake cika shi, wani an ba shi buhun garin katako ya zuba inda mai jifa zai taka. A wurinmu yaro da babba sukan haɗu a gona, a masallaci, a kasuwa, amma a filin wasa sai dai kokowa, ita ma yaro kallo ne nasa. Balo kuwa mun bar wa yara su kaɗai, su ne ƴan wasa, su ne alƙalai, su ne masu dambe bayan an tashi, sannan mu ce wasa na ɓata tarbiyya.

Ba aljanna ba ce. Sun yi mini kukan cewa haɗa mutum 11 na yi musu wuya, samari na barin wasan da zarar sun girma, don ba kowa ke iya ba da yini guda ba. Amma filin yana nan a tsakiyar ƙauye, inda gida ke da tsada ƙwarai. Dokarsu ta 2006 ta ba mutanen gari damar neman a yi wa fili rajista in sun shekara 20 suna wasa a kansa ba tare da an hana su ba, in an yi kuwa gini ya haramta a wurin. Na tuna wata lakwal da na koyar, marar katanga, wadda filinta ya riƙa raguwa kowace shekara: yau rumfa, gobe shago, jibi an zuba bulo. Mun rubuta takardu mun gaji. Filin da babba ba ya taka shi, ba mai tsaya masa ran da aka zo da igiyar awo.

Lahadi rana ta ɗan leƙo, aka yi wasan sada zumunci, aka rage yawan jifa don a gama da wuri. A irin wannan wasa ba a ɗauko alƙali daga waje, waɗanda ke jiran layinsu na bugu su ke karɓa-karɓa. Haka aka yi yaron nan ɗan shekara 13 ya shiga bugu mahaifinsa na alƙalanci. Ya ci maki 7, sai ƙwallo ya daki ƙafarsa daidai gaban turaku. Baƙi suka yi ihu, uban ya ɗan yi jim, ya ɗaga yatsa ɗaya, alamar ya fita. Yaron ya sa sanda a hammata ya taho, idonsa ya kawo ruwa, bai waiwaya ba. Da ya iso, wani tsoho ya matsa masa wuri a benci ya ce ya zo ya riƙa canza lambobin allo.

Wajen ƙarfe biyar hadari ya sake haɗowa. Muka ruga turo murafen, ni da likitan dabbobi da yaron a gefe ɗaya, tayar na maƙalewa cikin laka. Wasan bai ƙare ba, ba wanda ya ci. Dattijuwar ta rubuta a ƙasan shafi cewa ruwa ya tsayar da wasa, ta sa littafin cikin leda, ta tambayi wa zai kawo madarar shayi Asabar mai zuwa.