Ragama Kafin Linzami

A ƙasar Kano doki na masu gado ne. Ɗan gidan sarauta tun yana shekara biyar ake ɗora shi a sirdi, zagi na riƙe da shi. Irinmu 'ya'yan manoman rani kuwa, abin hawanmu keke ne, daga baya babur. Sai da na haura arba'in, da iyali da furfura, sannan na fara sa ƙafa a likkafa.

Wanda ya koya mini wani dattijo ne mai turaku huɗu a bayan gonaki, tsakanin Kadawa da hanyar Bunkure. Sana'arsa ya sayo duƙushi, ya yi masa horo, ya sayar wa masu hawan salla. Wata shekara tumatir ya yi kuɗi a Kwanar Gafan, na ɗauki ribar na haɗa da tasa muka sayi wani akawali ɗan shekara biyu da rabi. A gida ba a yi murna ba. Uwargida ta ce kuɗin taki ne na ɗaure a turke, kuma ba ƙarya ta yi ba: in dokin ya tashi da tutsu, ko rabin kuɗinsa ba za mu gani ba.

Wata guda ban hau komai ba. Shara nake yi, da ɗebo ruwa, da wanke kofato. Da na gaji na ce, "Baba, yaushe za a ɗaura sirdi?" Bai ko ɗago ba ya ce, "Malam, ai bai san ka ba tukuna."

A wannan watan na san cewa doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, shi ya sa ake yi masa magana kafin a zagaya. Na san ba ya iya amai, don haka ƙullewar ciki kan kashe shi, kuma ba a cika masa hatsi yana cikin gumi. Kadawa tana da nata sharaɗin. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa bai rabu da wannan yanki ba, damina da rani, kuma danshi maƙiyin kofato ne, ruɓar da shi yake yi. Kullum sai mun zuba busasshen yashi a gindin turke. Ga tattakar shinkafa tuli a ko'ina, kusan kyauta, amma cika ciki kawai take yi. Harawar wake da dusar alkama da ɗan gero da kanwa su ne abinci, su ne kuma ke cin aljihu.

Abin da mai kallo ke gani ranar Hawan Daushe shi ne zamiya: doki ya taho a sukwane, a ja linzami, ya dunƙule ƙafafun baya ya tsaya cak a gaban sarki. Sai a ɗauka ƙarfen bakin ne ya yi aikin. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da zafi ƙwarai, a hannun wanda bai iya ba yakan fasa baki har jini. Ni dai a ganina yawancin dawakin da ake kira masu taurin kai, hannun mutum ne ya taurara su. Baba ba ya kai ƙarfe bakin duƙushi sai ya koyi tsayawa da ragama kaɗai. Za ka ja igiyar kaɗan, da zarar ya sassauto ko da taku ɗaya ne, ka sake. A sakin nan darasin yake. Idan ka makara da daƙiƙa biyu, ka koya masa wani abu daban.

Wannan ya fi yi wa babba wuya. Yaro ba ya lissafi, yana faɗowa ya karkaɗe ya koma. Ni kuwa ina kan tsohuwar goɗiyar da aka ba ni ta koyo, ina tuna kuɗin ɗori da na makarantar yara. Tsoron yana sauka a cinya, cinya ta matse, dabbar ta ji. Baba yakan ce in yi numfashi, in dubi inda za ni, in daina kallon kunnenta. Mako biyu ina tafiya kamar mai kaciya, abokan majalisa suka samu abin yi.

Gonakin su suka zama makarantar akawalin. Da asuba, lokacin da alkama ke kore cikin hazo, muna jan sa a kan gaɓar babbar hanyar ruwa. Nan ya haɗu da injin ban-ruwa mai tari, da leda mai tashi, da yaran da ke buga gwangwani suna korar tsuntsaye, da manyan motocin da ke loda kwandunan tumatir zuwa Legas. Dokin da zai tsaya a tsakiyar kakaki da tambura da harbin 'yan bindiga, dole ya fara da waɗannan. Gadar siminti ta wani ƙaramin magudani ta ci mana kwana tara. Yana zuwa bakinta sai ya kafe, ya yi ta huci yana kallon ruwan da ke gudu a ƙasa. Bulala na rataye a kafaɗar Baba, bai taɓa ta ba. Muka riƙa ƙetarawa da goɗiyar a gaba, shi a baya, har ranar da ya wuce yana neman ciyawa.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Hanyoyin cikin gona matsattsu ne, zabura ɗaya ta isa ta tattake kwamin albasar da mutum ya yi wata biyu yana bauta wa. Saboda haka ba mu taɓa sakin sa a guje a nan ba, sai a wani fako can wajen tudu.

A wata na biyar aka ɗora masa sirdi, aka ja majayi a hankali, aka bar shi ya yini da shi ba kowa a kai. Bayan mako guda wani yaro mara nauyi ya fara hawa. Ni ne na uku. Da azumi ya kusa, wani mai bin tawagar hakimi ya zo ya duba haƙoransa, ya ɗaga kofato huɗun, ya sa aka kaɗa ganga a gefen kunnensa. Akawalin ya juya kunne ɗaya, ya ci gaba da taunar harawa. Aka yi ciniki a tsaye. Rabona ya mayar da kuɗin taki, da ragowar da ta isa rabin wani duƙushin.