Tambayar masu zuwa awo

Litinin, 3 ga Fabrairu
Takardun tambayoyi sun iso. Metiron ta ce ni zan riƙa tare matan awo in sun fito, in ji yadda suka ga aikinmu. Hazo, sanyi. Layi har bakin famfo tun kafin bakwai.

Talata, 4
Kowa "Alhamdulillahi, Sista, ba komai." Har wadda na gani da idona tana kuka jiya a ɗakin kati. Kara ce. Ga farin kaya a jikina, ga tsoron kada a gane ta ranar haihuwa. Wa zai kushe mai karɓar haihuwarsa?

Alhamis, 6
Na sa atamfa da mayafi, na koma gindin darbejiya wajen get. Na bar "kin gamsu?" Yanzu: ƙarfe nawa kika zo, ƙarfe nawa aka duba ki? An auna hawan jini? An faɗa miki sakamakon? Ƙwayar ƙarin jini da Fansidar, an yi bayaninsu?
Baki ya buɗe. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta riƙe min hannu: "'Yar nan, ba maganin ne damuwarmu ba. Tsawa. Da labulen da babu, ana duba mace maza na wucewa." Na ce, "Iya, zan rubuta, ba suna." Sai da ta ga na rubuta ta sake ni.

Asabar
Ciwon kai. Ban taɓa takardun ba.

Litinin, 10
Tun 2016 WHO ta ce mai ciki ta zo awo aƙalla sau 8. Da wuni guda ake yin kowane zuwa, ga kuɗin Keke, ga girki na jira. Waɗanda suka daina zuwa fa? Su ne ba na samu a get, kuma amsarsu ta fi kowacce nauyi.

Laraba, 12
An rataya labule! Shuɗi, ɗan gajere, amma labule. Ban san wa ya saya ba.

Juma'a, 14
Wasu abokan aiki sun daina amsa gaisuwata sosai. Wai rahotonsu nake kaiwa. Nas biyu a kan mata fiye da ɗari, su ma wa ya tambaye su?

Talata, 18
Na miƙa rahoto, na ƙara shafi a kan ƙarancin ma'aikata. Taron kwamiti an ɗaga, shugaba ya yi tafiya. Wai za a yi kafin azumi. Gobe awon sababbi, zan fita get da wuri.