Kafin Ku Ƙara wa Kwamfuta Gudu

Na daɗe ina ƙara wa furosesar kwamfutata ta tebur gudu, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne haƙuri. A cikin BIOS nakan ɗaga gudun da megahaz 100 kacal, in gwada da Prime95 tsawon awa guda ina lura da zafi. Sai idan ta daskare nake ƙara mata ƙarfin wuta, wato boltej, da 0.01. Ƙarin wuta kaɗan kan jawo zafi mai yawa, zafi kuma na rage wa furosesa kwana. Da ya haura digiri 85 nake ja da baya. Ƙannena, a zafin Afrilu ku fara kakkaɓe ƙurar fanka tukuna. Idan kuma kwamfutar ta gida ce, ku nemi izini, domin sabuwar furosesa ba ta da araha.