Hannun Baba

A kasuwar albasa ta Agbogbloshie na fara lura da hannun Baba. Ya fi shekara talatin yana karɓar buhunan Galmi daga manyan motocin Nijar, ban kuwa taɓa ganin wanda ya kai shi saurin ƙirga kuɗi ba. Ran nan yana zaune, hannun dama a kan gwiwa, babban yatsa na murza manuni kamar mai jan carbi, alhali babu carbi a hannun.

Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce sanyi ne. Sanyi a Ankara!

Da aka tashi kasuwar a Yulin 2021 aka mai da mu Adjen Kotoku, sai abin ya ƙaru. Tafiyarsa ta koma jan ƙafa, fuskarsa ta daina motsi. A Nima kowa da abin da yake faɗa, wasu su ce baƙin cikin rasa rumfa ne, wasu su ce sammu. Mun kashe kuɗin rubutu da hayaƙi ba kaɗan ba. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne tsawar da na yi masa a tashar trotro don ya kasa ɗaga ƙafa. Na ɗauka ganganci ne.

A asibitin Korle Bu likita ta ce cutar Parkinson ce. Ta bayyana mana cewa akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, dofamin, mai kai saƙo daga wata ƙwayar jijiya zuwa wata, kamar ɗan aike a kasuwa. Ƙwayoyin da ke yin sa ne suke mutuwa a hankali, don haka Baba zai yi niyyar taku, saƙon ya makara. Ko an sha dofamin ba ya isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ba da levodopa, wanda ke shiga ya rikiɗe ya zama dofamin a can. Ba ya warkarwa, yana dai sassautawa, kuma da tsada.

Ta ce a ba shi kamar minti talatin kafin abinci, domin nama da wake na rage masa ƙarfi. Yanzu ni ke riƙe da agogo. Yana shan ƙwayarsa bayan asuba, koko da ƙosai su jira. Wajen ƙarfe takwas hannun kan lafa, sai ya ce, "Miƙo littafin bashi," ya ƙirga cinikin jiya da kansa.